Kafin a yi wa tsohuwar kwamfuta ritaya

Ranar da na ce wa yaron da ke yi mini gyaran kwamfuta ina so ya sauke Windows ya ɗora mini Linux, wata babbar manhaja ta kyauta da ke maye gurbinsa, sai da ya ajiye sukudirebar da ke hannunsa ya ƙare mini kallo. Ya ce, "Malam, kutse za ka fara?" Na ce masa jarrabawar ɗalibai dai zan ci gaba da bugawa, kamar kullum. Ya yi dariya, ya ce shi tun da ya buɗe shagon nan mutum biyu ne suka taɓa tambayarsa Linux, su ma samari ne masu son a riƙa jin tsoronsu a unguwa. Ya jawo fulash ɗinsa mai igiya ja a wuya, ya ce in bari ya yi mini fomatin ya sa sabon Windows, kafin la'asar na zo na ɗauka. Na ce ya bar ta, na gode. Na ɗauki abata na tafi gida.

Kwamfutar nan ta hannu ce, irin waɗanda ofisoshin Turai da Amurka ke sallama bayan shekara huɗu ko biyar, a zubo su a kwantena, su bi ta Ikeja su ƙare a kan kantocin titin Beirut a Kano ko Banex a Abuja. Duk wanda ya taɓa zuwa sayen laftof ya san su: HP EliteBook, Dell Latitude, ThinkPad, jikinsu kamar ƙarfen jirgi, wani lokaci da ragowar takardar kamfanin da ya yi amfani da su manne a ƙasa. Da yawansu ƙirar 2015 zuwa 2017 ne, kuma su ne ke riƙe da ɗalibai da malamai da ƙananan ofisoshi da shagunan buga takardu a ƙasar nan. Tawa ba ta taɓa ba ni kunya ba. Laifinta ɗaya, an haife ta da wuri. Windows 11, wanda ya fito a 2021, yana neman ƙwaƙwalwar Intel daga ƙarni na takwas zuwa sama, da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Tawa ƙarni na shida ce. Shi kuma Windows 10 da take kai, kamfanin Microsoft ya daina kula da shi tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, bayan shekara goma da fitowarsa.

Mutane da yawa da suka ji wannan labari sun ɗauka kwamfutarsu za ta ƙi tashi washegari. Da suka ga ta tashi lafiya lau, sai suka ce ashe ma surutu ne. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaro. Babbar manhaja, wato uwar da ke tafiyar da komai a cikin na'ura, kamar ginin ƙasa take: kowace damina sai ta tsage a wani wuri, kuma kowane wata kamfanin yana turo magini ya yi yaɓe. Yanzu maginin ya ce ya tashi daga aiki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙadangarun intanet ba sa barci. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin gwamnatin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Ɓarakar da ta bi ta shiga, an fitar da facinta wata biyu kafin nan. Waɗanda ba su saka ba ne suka ji jiki.

To amma mu faɗa wa juna gaskiya. Mu nan da yawanmu mun daɗe da korar maginin da hannunmu. Abu na farko da ake roƙon injiniya bayan fomatin shi ne ya kashe sabuntawa, don kada ta shanye datar wata guda a dare ɗaya. Windows ɗin kansa sau da yawa ba saye aka yi ba, an fasa shi ne da wata 'yar manhaja da ba wanda ya san wanda ya rubuta ta, ba wanda ya san abin da ta bari a ciki. A kan wannan na'urar muke shiga asusun banki, muke ajiye hoton katin ɗan ƙasa da takardun makaranta da hotunan iyali. Muna kulle ƙofar gida da kwaɗo biyu, amma maɓallin kwamfuta mun ba wanda ba mu taɓa gani ba.

Hanyoyin da suka rage mini ba su da yawa. In sayi sabuwa, a wannan marra da farashin laftof mai ɗan dama ya kai albashin wata da watanni. In shiga tsarin ƙarin wa'adi na shekara ɗaya da kamfanin ya buɗe, wanda ake biya dala 30 ko a samu kyauta in an haɗa kwamfutar da asusun Microsoft, amma iyakarsa Oktoban 2026. In sa a tura mata Windows 11 da ƙarfin tsiya, don akwai dabarar tsallake shingen, sai dai kamfanin ya ce bai ɗauki alkawarin ci gaba da turo wa irin waɗannan faci ba. Kwamfutar Apple ba maganar malamin sakandare ba ce. Akwai ChromeOS Flex na Google, wanda ke farfaɗo da tsofaffin na'urori, amma rayuwarsa a kan intanet take, ni kuma unguwarmu sai ka fita tsakar gida ka ɗaga waya sama.

Linux ya faro ne a 1991, a hannun wani ɗalibin jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds. Ya sake shi kyauta, kowa ya duba cikinsa, kowa ya gyara, kowa ya raba. Abin dariyar shi ne injiniyana da ke tsoronsa yana yawo da shi a aljihu, domin a kan zuciyar Linux aka gina Android. Manyan kwamfutoci 500 da suka fi kowanne gudu a duniya duk shi suke amfani da shi. A kan tebur da cinyar talakawa ne kawai bai samu shiga ba, inda rabonsa bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Kuma ba abu guda ba ne kamar Windows. Ƙungiyoyi da kamfanoni daban-daban ne ke ɗaukar zuciyar su yi mata riga, kowa da ɗinkinsa. Mafi shahara shi ne Ubuntu, wanda wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya kafa a 2004, sunan ma daga harsunan Zulu da Xhosa ya fito, ma'anarsa kusa da abin da muke kira mutuntaka. Ni Linux Mint na ɗauka, ɗan Ubuntu ne, don shi ya fi kama da gidan da na baro: maɓallin farawa a ƙasan hagu, agogo a ƙasan dama, manyan fayiloli inda ido ya saba nemansu. Fitowarsa ta 22 tana da alkawarin faci har 2029.

Abin da ya fi burge ni, kuma na ga mutane ba su sani ba, shi ne ba sai ka rushe gidanka kafin ka ga sabon ba. Ana sauke fayil ɗin, kusan gigabait uku, a ɗora shi a kan fulash, a tayar da kwamfutar daga fulash ɗin. Sai ga Linux cikakke a kan allo, Windows ɗinka yana nan kwance ba a taɓa shi ba. In ka zare fulash ka sake kunnawa, ka koma inda kake. Kwana uku na yi ina wannan shiga da fita kamar mai neman aure yana zuwa zance. Na gwada sauti, na gwada kyamara, na jona firintar makaranta ta gane ta ba tare da na nemi faifan komai ba. A rana ta huɗu na kwashe takarduna kaf zuwa wata ma'ajiya ta waje, na duba sau biyu na tabbatar suna buɗewa, na yi bisimilla na danna.

Minti ashirin aka gama. Sai Wi-Fi ya ce bai san zance ba. A gwajin fulash ban kula ba, don da kebul na jona a ofis. Ga ni zaune cikin dare, sabuwar manhaja fes, ba hanyar fita duniya, maganin matsalar kuma yana intanet ɗin da ba zan iya shiga ba. Na yi zufa, na tuna dariyar injiniya. Ɗana ne, ɗan aji biyar, ya ce, "Baba, ka jona wayarka da igiyar caji mana, ka ba ta data ta nan." Na jona, ta karɓa. Na buɗe wurin da Mint ya tanada don direbobin na'ura, wato ƙananan manhajojin da ke sa kowane sashe na kwamfuta ya yi aiki, ya nuna mini wanda ya ɓace, na danna, aka sake kunnawa, shi ke nan. Gyaran minti biyar ne, amma da ba yaron a ɗakin da watakila washegari na koma shago da kunyata.

Daga nan abubuwa suka daidaita fiye da yadda na zata. Firefox yana ciki tun asali, Chrome ma akwai shi, Zoom akwai, WhatsApp ta burauza. Kusan duk abin da gwamnati da banki da makaranta ke nema a wurinmu yau, daga biyan Remita zuwa duba sakamako, a shafin intanet ake yinsa, shafi kuma bai damu da wace manhaja ka zo da ita ba. A jerin madannai na tarar da Hausa har iri biyu, ta Najeriya da ta Gana, na daina satar ƙ da ɗ da ɓ daga tsofaffin takardu ina liƙawa. Fankar kwamfutar da take kuka kamar injin markaɗe ta yi shiru. Batir kuwa ban ga wani bambanci ba, ko da yake wasu na'urorin sun fi shan caji a Linux, kuma a ƙasar da wuta ke zuwa kamar baƙo wannan abin a gwada ne tun a fulash. Wani abu kuma, kada a yaudari kowa: in kwamfutarka har yanzu tsohon faifai mai juyawa ne a cikinta, sauya shi da SSD, ma'ajiyar zamani da ba ta juyawa, zai ƙara mata gudu fiye da kowace manhaja.

Ranar da na ji daɗi sosai ita ce ranar da wata malama a makarantarmu ta shigo ɗakin malamai kamar za ta yi kuka. Ta kai fulash ɗinta shagon buga takardu, ta dawo ta tarar duk fayilolinta sun koma 'yan gumaka masu kibiya, sakamakon aji uku ya ɓace. Kowa ya san wannan cutar, ta zaga kowane shagon fotokwafi a ƙasar nan. Na karɓa na soka a tawa. Ga takardunta nan reras, ƙwayar ɓoye su kawai ta yi, ga kuma ita ƙwayar zaune a gefe ba ta iya motsi, don an rubuta ta ne domin Windows. Na goge ta kamar an kashe sauro. Tun daga ranar na zama likitan fulash na ɗakin malamai, ba ko sisi.

Inda takalmin ya matse ni shi ne takardu. Microsoft Word da Excel ba su da na Linux, sai dai na burauza. Abin da ke ciki shi ne LibreOffice, kyauta, kuma yana buɗe fayilolin Word yana adana su. Ga wasiƙa da jarrabawa da jadawalin maki, ban rasa komai ba. Amma 'yar wana da ke ajin ƙarshe a jami'a ta ari kwamfutar ta gyara babi na uku na kundinta, ta kai wa malamin da ke duba ta, shi kuma ya buɗe a Word. Teburi ya tsallaka shafi, lambobin shafi sun goce, rubutun ya sauya kama. Ta kira ni ranta a ɓace: "Baffa, wannan abin naka ya ja an yi mini faɗa a gaban mutane." Laifina ne. Jami'o'inmu Times New Roman suke so, lamba 12, shi kuma ba ya zuwa da Linux, sai wani mai kama da shi. Ana iya saka shi cikin minti biyu, ban saka ba. Yanzu na saka, kuma duk abin da zai je bugu sai na mayar da shi PDF tukuna, don PDF ba ya sauya fuska a hanya. Amma takardar da za ta yi ta kai da komo tsakanin mutum uku, kowa yana gyara, har yau ina taka-tsantsan da ita.

Akwai kuma waɗanda ban ba su shawarar su motsa ko taku ɗaya ba. Mai zanen katin biki da kalanda da allon kamfen, abincinsa CorelDRAW ne, maɗaba'ar da zai kai aiki ma fayil ɗin Corel take jira. Babu shi a Linux, babu Photoshop, babu AutoCAD. Za a ce maka akwai Inkscape da GIMP a madadinsu, kuma gaskiya ne suna aiki, amma mutumin da ya shekara goma hannunsa ya san inda komai yake, ga kwastoma tsaye a kansa ɗaurin aure jibi, ba lokacin koyon sabon abu ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haka ɗalibin da ya rage masa wata guda ya miƙa kundi, haka ma'aikacin da ofishinsa ke da wata manhaja ta musamman. Masu wa'azin Linux a intanet suna ba ni haushi a nan. Sai su nuna kamar duk wanda ya zauna a Windows rago ne ko jahili, in ka kawo musu matsala su watso maka layin umarni na baƙin allo kamar ɗalasimi, su ce ai mai sauƙi ne. Sun kori mutane da yawa da wannan hali.

Bayan wata da watanni ina amfani da shi, na fahimci cewa abin da ke hana mutum irina sauya babbar manhaja ba a cikin kwamfutar yake ba. A wurinmu kwamfuta kayan jama'a ce. Kana da injiniyan da kake kai wa, da maƙwabcin da ke nuna maka yadda ake jera lambar shafi, da yarinyar shagon bugu, da abokin aiki da za ka ba fulash. Dukansu yare ɗaya suke ji. Ranar da ka sauya, ka zama baƙo a garinku: in ta lalace ba mai taimakonka sai wayarka da Turancin da ka iya. Wannan ba matsalar talaka kaɗai ba ce. Birnin Munich na Jamus ya kwashe shekara kusan goma yana mayar da kwamfutocin ma'aikatansa wajen 15,000 zuwa Linux, sannan a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Cikin koke-koken da aka yi ta yi har da wahalar musayar takardu da sauran hukumomi, ko da yake wasu sun ce siyasa ta fi yawa a ciki. Duk da haka a 2024 jihar Schleswig-Holstein ta arewacin ƙasar ta sanar da cewa za ta mayar da kwamfutoci 30,000 zuwa LibreOffice da Linux, don kada bayanan gwamnati da kuɗinta su dogara ga kamfani guda na wata ƙasa. Su da suke da kuɗin sayen lasisi ke nan.

Shi ya sa nake ganin masu kiran mutane ɗaya-ɗaya su sauya sun kama reshe sun bar tushe. Wanda ke yanke hukuncin manhajar da Kano ko Kaduna ko Maraɗi za ta yi amfani da ita shi ne yaron nan mai fulash a wuya. Abin da ya ɗora maka shi za ka tafi da shi, abin da ya iya gyarawa shi zai ɗora. In masu gyara ɗari a kasuwa ɗaya suka iya saka Mint, suka san maganin Wi-Fi da firinta da Times New Roman, dubban kwamfutocin da aka ce sun tsufa za su ƙara shekara huɗu ko biyar suna aiki da faci a kan kari, ba tare da manhajar sata ba. Su ma ba asara za su yi ba, kuɗin aikinsu ne dai za su karɓa, kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwar waya da kwamfuta suna da ƙarfin shirya irin wannan horo in sun ga dama.

Sai makarantun koyon kwamfuta. Dubi allon tallarsu a kowane lungu: Word, Excel, PowerPoint, CorelDRAW, difloma cikin wata shida. Sunayen kaya ake koyarwa. Yaro ya haddace cewa abu kaza yana maɓalli na uku daga hagu, in aka matsar da maɓallin ya rikice. Kamar a koya wa mutum tuƙin mota ƙirar kamfani ɗaya ne, a ba shi wata ya ce bai iya tuƙi ba. Da za a zaunar da ɗalibi mako biyu a gaban wata manhajar daban, ya gane cewa fayil fayil ne, teburi teburi ne a ko'ina, da ya fita da ilimin da ba ya ƙarewa ranar da wani kamfani ya sauya fasali. Ɗakunan kwamfuta na makarantun gwamnati da ke cike da tsofaffin na'urori an lulluɓe su da leda saboda "sun yi nauyi", Mint yana tashi da ƙwaƙwalwar aiki (RAM) mai gigabait 2, ya sake da 4. Shugaban makarantar da ya ba malamin kwamfuta fulash ɗaya da izini zai iya tayar da rabinsu kafin hutu.

Makon jiya na koma shagon, madannin harafi ɗaya ya maƙale. Injiniya ya gyara, ya kunna don ya gwada, sai ya tsaya yana kallon allon. Ya buɗe wannan, ya rufe wancan, ya shiga YouTube, ya leƙa wurin da ke nuna yawan ƙwaƙwalwar da ake ci. Ya ce, "Malam, wannan ɗin ne Linux? Ina baƙin allon?" Na ce yana nan in yana so. Ya yi shiru, sannan ya nuna mini wasu laftof guda shida jere a ƙarƙashin kanta, ƙarni na huɗu da na biyar, ya ce wata uku ke nan ba wanda ya taya, kowa sai ya tambaya ko tana ɗaukar sha ɗaya. Ya tambaye ni ko fulash ɗin nan yana tare da ni. Yana cikin jakata. Ya ce in bar masa zuwa Asabar, kuɗin gyaran madanni kuma in bar shi.